Babi na Shida: Shaidar Jini a Kan Cutar Korona

Tun daga watannin farko na shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta game duniya, har zuwa yau da ƙurarta ta lafa, akwai wata tambaya wadda ba ta gushe ba tana fitowa daga bakin mutane, a birni da ƙauye, a majalisar dattawa da ta samari. Sai ka ji mutum ya ce: a kwanakin baya na yi wani zazzaɓi da mura irin waɗanda ban saba da su ba, na yi mako guda hancina ba ya jin ƙanshin miya, harshena ba ya rarrabe gishiri da sukari, daga baya Allah Ya ba ni lafiya ban ko leƙa asibiti ba, shin korona ce ta same ni, ko kuwa masassarar sauyin iska ce? In ita ce, ashe ba za a iya ɗibar jinina a duba a faɗa mini ba? Kuma in an duba an ga alamarta, na tsira ke nan daga sake kamuwa?

Mutanen Kano sun san nauyin wannan tambaya, domin a watan Afrilu na waccan shekara an yi ta kai dattawa makwanci a jere, galibinsu ba a yi musu gwaji ba kafin rasuwarsu, har Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa an ƙidaya mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma bisa tambayoyin da aka yi wa iyalansu zato ya rinjaya cewa a cikin kashi 50 zuwa 60 bisa ɗari korona na da hannu. Wanda ya yi jinyar mahaifinsa a waɗannan kwanaki, ya yi masa wanka, ya raka shi kushewa, sa'an nan shi ma ya kwanta kwana uku ya tashi, lalle yana da haƙƙin son sanin abin da ya ratsa gidansa. Amsarsa kuwa ita ce, jini yana ba da shaida, sai dai shaida ce a kan abin da ya shuɗe, tana zuwa a makare, kuma ba kowane mai ɗauko ta ne abin amincewa ba.

Daga ina antibodi ke fitowa

Tun kafin a san ƙwayoyin cuta, iyayenmu sun lura cewa yaron da ƙyanda ta kama ya warke ba ta komo masa, kuma wanda ya tsira daga agana yana iya jinyar mai agana ba tare da fargaba ba. Sun ga abin da idanunsu, amma sababinsa ya ɓoyu ga kowa har zuwa shekarar 1890, sa'ad da masana biyu a birnin Balin na Jamus, Emil von Behring da Bajapanen nan Kitasato Shibasaburo, suka nuna cewa in an ɗebi ruwan jinin dabbar da ta jure wa dafin mashaƙo ko na tetanos aka zuba a jikin wata dabbar da ba ta taɓa gamuwa da shi ba, ita ma sai ta jure. Ashe ke nan akwai wani sinadari narkakke a cikin ruwan jini wanda ke ɗauke da kariyar, shi ne wanda likitoci ke kira antibodi, kuma saboda wannan aiki aka ba Behring kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901.

Shi antibodi furotin ne ƙanƙane ƙwarai, mai siffar harafin Y na boko, ƙafa ɗaya da hannu biyu, kuma da hannuwan nan yake kama abokin gaba. Masu ƙera shi wasu ne daga cikin fararen ƙwayoyin jini, ana ce musu ƙwayoyin B, asalinsu daga ɓargo, mazauninsu kuwa saifa da 'yan ƙulluttukan nan na wuya da hammata da matsematsi, waɗanda in sun kumbura muke cewa kaluluwa ta fito. Abin da ya fi ba ni mamaki a cikin hikimar Mahalicci a nan shi ne, jiki ba ya jira sai ya ga cuta sa'an nan ya soma tunanin yadda zai kama ta. Tun farko akwai ƙwayoyin B dubban miliyoyi a ajiye, kowace da fasalin hannun da ya saɓa wa na 'yar'uwarta, har da waɗanda suka dace da cututtukan da ba su riga sun bayyana a duniya ba. In baƙuwar ƙwaya ta shiga, sai a kai gutsattsarinta cikin kaluluwa, 'yan ƙalilan ɗin da hannunsu ya dace da ita su damƙe, su sami izini daga wasu 'yan'uwansu da ake kira ƙwayoyin T, sa'an nan su shiga hayayyafa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har su yi yawan da wasunsu za su rikiɗa su riƙa zubo antibodi dubbai a cikin kowane sakan, wasu kuma su koma gefe su zauna suna riƙe da labarin baƙuwar domin wata rana.

Mun bayyana a babin da ya gabata cewa ƙwayar korona tana da ƙayoyi a bayanta, waɗanda ake kira furotin S, kuma da su take maƙalewa a wata kafa mai suna ACE2 da ke jikin ƙwayoyin hanci da maƙogwaro da huhu, ta buɗe ta shige. A cikin cikinta kuma akwai wani furotin mai suna N, wanda ke nannaɗe da rubutun halittarta. Jiki yana yi wa duka biyun antibodi, amma fa'idarsu ba ɗaya ba ce: wanda ya kama kan ƙaya daidai wurin maƙalewa shi ne ke hana ƙwayar shiga, wanda ya kama N kuwa ba ya hana ta komai, illa dai yana nuna cewa ta taɓa zuwa. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, za mu bukace shi a gaba.

Antibodi kuma jinsi-jinsi ne, uku daga ciki suka shafe mu. IgM shi ne a al'ada ke fara fitowa, kamunsa ba shi da ƙarfi sosai, kuma ba ya daɗewa. IgG ya fi yawa a jini, ya fi ƙwarewa, ya fi tsawon rai, kuma shi ne ke ratsa mabiyiya daga uwa zuwa ɗan da ke cikinta. IgA yana zaune a majina da yawu da nonon uwa, wato a bakin ƙofofin da cuta ke shigowa.

Kwanakin jira

Duk wannan hayayyafa da muka ambata tana cin lokaci, kuma a nan ne mas'alar gwaji ta fara wuya. Likitocin birnin Chongqing na ƙasar Sin sun bi majinyata 285 a farkon annobar suna ɗibar jininsu lokaci bayan lokaci, suka tarar cewa kafin a cika kwana 19 daga ranar da alamun ciwo suka fara, dukansu sun nuna IgG. Suka kuma lura da wani abu da ya saɓa wa abin da ke cikin littattafan koyarwa, wato a korona IgM ba ya riga IgG fitowa a kullum. Wani lokaci tare suke zuwa, wani lokaci ma IgG ke yin gaba. Saboda haka wanda ya ce maka layin IgM na nufin ciwon sabo ne, layin IgG kuma na nufin tsoho ne, ya faɗi ƙa'idar da ba ta tabbata ba a wannan cuta.

A watan Yuni na 2020 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitoci ta tace, ta haɗa sakamakon nazarce-nazarce masu yawa ta fitar da lissafin da ya kamata kowane mai aikin lafiya ya hardace. A cikin makon farko na ciwo, gwajin antibodi ya gane kimanin mutum 30 ne kawai cikin kowane 100 da ke ɗauke da cutar. A mako na biyu ya gane kimanin 72. A mako na uku ya haura 90. Ma'anar wannan ita ce, mutumin da ya zo asibiti a rana ta uku yana tari yana zazzaɓi, alhali a daidai wannan lokaci ne ƙwayar ta fi yawa a hancinsa kuma ya fi zama haɗari ga na kusa da shi, in aka gwada jininsa mafi rinjayen zato shi ne a ce ba a ga komai ba. Sai ya koma gida da takarda a hannu da natsuwa a zuciya, ya shiga sahu a masallaci, ya zauna kusa da tsohuwarsa mai ciwon sukari. Wannan ne ya sa tun a watan Afrilu na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a dogara da gwajin antibodi na gaggawa wajen yanke hukunci a kan majinyaci. Ma'aikatan da suka saba da gwajin ƙanjamau sun riga sun san irin wannan tazara, domin su ma sukan ce wa mutum ya dawo bayan wasu makonni a sake gwadawa.

Gwaji iri biyu

A gaban alƙali, akwai bambanci tsakanin a zo da ɓarawo da kayan sata a kansa, da kuma a zo da wani ya ce na gan shi ya haura katanga watan jiya. Gwajin da ake zura tsinken auduga can cikin hanci, har idon mutum ya kawo ruwa, neman ƙwayar yake yi da kanta. Mafi ingancinsa shi ne PCR, dabarar da Ba'amurke Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, wadda ke ɗaukar ɗan guntun rubutun halittar ƙwayar ta yi ta ninka shi har na'ura ta iya ganinsa. Kuma da masanan Sin suka wallafa wannan rubutu a watan Janairu na 2020, cikin 'yan kwanaki Christian Drosten da abokan aikinsa a asibitin Charité na Balin suka fitar da tsarin gwajin da ƙasashe da yawa suka bi. Akwai kuma ƙaninsa mai sauri, wanda ke neman furotin ɗin ƙwayar a majina. Gwajin jini kuwa shi ne mai shaida: bai zo da ɓarawo ba, ya zo da labarin cewa jiki ya gan shi.

Wanda aka fi gani a kasuwa ɗan faranti ne na roba, tsawonsa kamar yatsa, mai ɗan rami a gefe da 'yar taga a tsakiya. Ma'aikaci zai goge kan yatsarka da auduga, ya soke, ya matso ɗigon jini ya ɗiga a ramin, ya bi shi da ɗigon ruwan magani, sa'an nan ku zuba ido kamar minti 15 ruwan na bin takardar da ke ciki. A kan takardar an shafa furotin ɗin korona haɗe da ƙurar zinariya mai laushi; in akwai antibodi a jinin sai ya kama ta, su tafi tare har su tsaya a wani gurbi, jan layi ya bayyana daura da harafin G ko M. Layin da ke daura da C yana nuna cewa farantin ya yi aiki ne kawai, in bai fito ba a yar da shi. Sau da yawa layin kan fito dishi-dishi, ma'aikaci ya ɗaga shi sama wajen haske yana juyawa, wannan ya ce akwai, wancan ya ce babu. A ɗakin gwaji kuwa ana amfani da hanyar da ake kira ELISA, wadda Eva Engvall da Peter Perlmann suka fito da ita a Suwidin a 1971: faranti ne mai ramuka 96, a shafe gindin kowane da furotin ɗin ƙwayar, a zuba ruwan jini, a wanke, a ƙara wani sinadari mai sauya launi, sa'an nan na'ura ta auna ƙarfin launin ta ba da adadi. Wannan ya fi ido aminci nesa ba kusa ba.

Tazkiyyar shaidu

Malaman fiƙihu ba su yarda alƙali ya karɓi shaida ba sai an yi wa mai shaidar tazkiyya, an binciki adalcinsa a wurin waɗanda suka san shi. Haka ya wajaba a yi wa kowane gwaji, a gwada shi da jinin waɗanda aka tabbatar sun yi cutar a ga nawa zai gane, a kuma gwada shi da jinin waɗanda aka tabbatar ba su yi ba a ga nawa zai yi wa ƙazafi. A cikin ruɗanin 2020 an yi sakaci da wannan har a manyan ƙasashe. Gwamnatin Ingila ta yi odar farantai miliyan uku da rabi, da masanan Jami'ar Oxford suka auna su sai suka tarar ba su kai matsayin da za a raba wa jama'a ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta bar kamfanoni su shigo da nasu kasuwa a watan Maris ba tare da ta duba ba, sai a farkon watan Mayu dole ta tsaurara ƙa'ida saboda yawan na banza.

Me ke sa gwaji ya yi shaidar zur? Sababi na farko shi ne korona tana da dangi. Akwai ƙwayoyi huɗu na zuriyarta da suka daɗe suna yawo cikin mutane suna sa mura, biyu an gano su tun shekarun 1960, biyu kuma a 2004 da 2005, kuma da wuya a sami baligin da ɗaya daga cikinsu ba ta taɓa kama shi ba. Wasu sassan jikinsu sun yi kama da na sabuwar, saboda haka tsohon antibodi na iya maƙalewa inda ba nasa ba. Sababi na biyu ya fi shafarmu mu mutanen ƙasashe masu zafi, shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda ke tayar da ƙwayoyin B barkatai su yi ta zubo antibodi iri-iri masu kame-kame. Masu bincike sun ɗauko jinin da aka ɗiba a Nijeriya aka adana tun 2018, lokacin da ba wanda ya taɓa jin sunan wannan annoba, suka gwada shi da gwaje-gwaje biyu na sanannun kamfanoni waɗanda suka yi kyau a Turai da Amurka. Ɗaya ya ce kusan 18 cikin ɗari sun yi korona, ɗayan ya ce kimanin 6, alhali amsar gaskiya ita ce babu ko ɗaya. An ga makamancin wannan a Jamhuriyar Benin. A ganina wannan hujja ce yankakkiya cewa tazkiyyar da aka yi wa gwaji da jinin Bajamushe ba ta wadatar ba ga jinin Bakatsine ko Badamagare, sai an sake yi a nan.

Ba baƙon abu ba ne a gare mu. Wane gida ne a ƙasar Hausa ba a taɓa kawo takardar da ke cewa maleriya da taifot ba? Gwajin Widal da ake dogara da shi wajen cewa taifot, wanda likitan Faransa Georges-Fernand Widal ya fito da shi tun 1896, shi ma gwajin antibodi ne. Yadda ya dace a yi shi shi ne a ɗebi jini sau biyu, tsakaninsu kwana goma zuwa mako biyu, a ga ko adadin ya ninka har sau huɗu. Amma abin da aka saba shi ne ɗiba ɗaya, a ƙasar da masu lafiya da yawa ke ɗauke da tsohon antibodi, kuma zazzaɓin sauro na iya ɗaga shi. Sai a ɗora wa talaka sayen magungunan kashe ƙwayoyin cuta da allurai a kan ciwon da la'alla ba shi da shi, kuma wannan abu yana damuna ƙwarai, domin hasarar ba ta tsaya ga aljihunsa ba, tana koya wa ƙwayoyin cuta jure wa magani.

Akwai kuma wani lissafi da hankali ba ya saurin karɓa, amma wajibi ne a fahimce shi. Mu ƙaddara gari mai mutum 1,000, waɗanda 20 kawai daga cikinsu suka taɓa yin korona, aka zo da gwaji mai kyau wanda ke gane 90 cikin ɗari na masu cutar, yana kuma yi wa 2 cikin ɗari na marasa ita ƙazafi. Zai gane 18 daga cikin 20 ɗin nan. Amma a cikin sauran 980 zai nuna kusan 20 bisa kuskure. Ke nan a cikin mutum 38 da aka ce musu kun yi, fiye da rabi ba su yi ba. In kuwa a garin mutum 300 ne suka yi cutar, gwajin nan dai zai gane 270 na gaskiya, na kuskure su tsaya 14, sai maganarsa ta zama abin kamawa. Gwajin bai sauya ba, yawan cutar a gari ne ya sauya darajar shaidarsa. Maganin wannan, kamar yadda yake a shari'a, shi ne neman shaida na biyu: wanda gwajin farko ya nuna, a sake gwada shi da wani wanda ke neman antibodin wani furotin dabam, domin da wuya biyun su haɗu a kan kuskure ɗaya.

Inda gwajin ya yi rana

Kada mai karatu ya ɗauka cewa na yar da gwajin jini. Akwai majinyacin da ke zuwa a makare, bayan mako biyu ko uku, numfashi na yi masa wuya, ƙwayar kuwa ta riga ta ragu a hanci har PCR ba ya ganinta. A nan antibodi ke taimakon likita. Akwai kuma wani ciwo da likitocin yara na Landan suka fara ba da labarinsa a watan Afrilu na 2020, inda yaro ke zuwa da zazzaɓi mai zafi, da ciwon ciki, da jan ido, da ƙuraje, wani lokaci har zuciya ta raunana, makonni bayan korona ta ratsa shi ba tare da an ma lura ba. Da yawa daga cikin yaran nan ba a sami ƙwayar a hancinsu ba, antibodin jininsu ne ya haɗa ciwon da asalinsa.

Amma babbar fa'idarsa ta bayyana ne a kan al'umma, ba a kan mutum guda ba. A farkon annobar, ɗakunan gwajin da ke iya PCR na korona a Nijeriya duka ba su wuce a ƙidaya da yatsun hannu ba, don haka alƙaluman da ake karantawa a rediyo kowane dare adadin waɗanda gwaji ya gano ne, ba adadin duk waɗanda suka kamu ba. A watannin Satumba da Oktoba na 2020, hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya, NCDC, tare da cibiyar binciken lafiya ta NIMR suka bi gida-gida a jihohi huɗu suna ɗibar jini, suka sami antibodi a jikin kashi 23 cikin ɗari na mutanen Legas, 23 a Inugu, 19 a Nasarawa, 9 a Gwambe, a lokacin da waɗanda aka tabbatar sun kamu a ƙasar baki ɗaya ba su kai 70,000 ba. Ko da an rage wani kaso saboda kuskuren da muka ambata, ratar da ta saura mai girma ce. A Kenya an auna jinin masu ba da gudummawar jini sama da 3,000 tsakanin Afrilu da Yuni na 2020 aka sami kimanin kashi 4 cikin ɗari. Daga bisani, a watan Afrilu na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara irin waɗannan bincike ta ce kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Afirka sun riga sun gamu da ƙwayar, kuma adadin gaskiya ya ninka wanda aka rubuta kusan sau 97. Saboda haka mai tambayar nan ta farkon babi, in ya rayu a birni a waɗannan shekaru, zato mai ƙarfi shi ne ya gamu da ita.

Zuwan rigakafi ya ƙara wani sharaɗi. Allurar AstraZeneca da ta fara isowa Nijeriya a watan Maris na 2021, da ta Pfizer da Moderna da Johnson & Johnson, dukansu furotin S kaɗai suke nuna wa jiki; wanda aka yi wa su zai nuna antibodin S ko bai taɓa kamuwa ba, kuma sai an nemi na N za a san ko cutar ta same shi. Amma allurar Sinopharm da aka fara yi a Nijar matacciyar ƙwaya ce sukutum, tana iya haifar da duka biyun, don haka a jikin wanda ya karɓe ta wannan rarrabewa ba ta da tabbas.

Shin wanda aka ga antibodi a jininsa ya tsira?

A 2020 wasu ƙasashe sun yi tunanin ba masu antibodi takardar izinin fita aiki da tafiye-tafiye, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja kunnensu a ranar 24 ga Afrilu, kuma abin da ya biyo baya ya gaskata ta. Yawan antibodi ya bambanta tsakanin mutane: wanda ciwon ya kayar galibi ya fi tara shi, wanda bai ji komai ba nasa kaɗan ne. A wani bincike a gundumar Wanzhou ta Sin, kashi 40 cikin ɗari na waɗanda suka kamu ba tare da alamu ba sun daina nuna IgG kimanin wata biyu bayan sallamarsu, yayin da a ƙasar Aisilan, inda aka auna mutum kusan 30,000, aka ga bai ragu ba har tsawon wata huɗu. Layin da ke kan faranti kuma ba ya faɗa maka ko antibodin naka mai hana shiga ne ko mai kallo kawai. Uwa uba, ƙwayar tana sauya fasalin ƙayoyinta, kuma da nau'in Omikron ya bayyana a kudancin Afirka a watan Nuwamba na 2021, ya kama mutane masu yawa waɗanda suka taɓa yin cutar ko aka yi musu allura, duk da cewa galibinsu ciwon bai kayar da su kamar na farko ba.

Mahautan Kano

Me ya sa bai kayar da su ba, alhali antibodinsu ya kasa tare ƙofa? Wani ɓangare na amsar ya fito daga mayankar Kano. Akwai wata 'yar'uwar korona mai suna MERS, wadda aka gano a Saudiyya a 2012, kuma gwajin antibodi ne ya fara nuna cewa raƙuma ne ma'ajiyarta. Da masanan Jami'ar Hong Kong tare da abokan aikinsu na Nijeriya suka auna jinin raƙuman da ake kawowa yanka a Kano, sai suka tarar fiye da 90 cikin ɗari suna da antibodinta. Suka auna jinin mahautan da ke wuni hannu dumu-dumu cikin jini da majinar raƙuman nan, ba su sami antibodi mai hana shiga ba. Da an tsaya nan, da an yanke hukunci cewa cutar ba ta tsallaka zuwa mutane a wannan yanki. Amma da suka koma suka binciki ƙwayoyin T, sai 18 daga cikin mahauta 61 masu hulɗa da raƙuma suka nuna cewa jikinsu ya san MERS, alhali ba ko ɗaya daga cikin abokan aikinsu da ba sa taɓa raƙumi da ya nuna haka. A Singafo ma an sami waɗanda suka warke daga SARS ta 2003, wata 'yar'uwar korona ita ma, suna ɗauke da ƙwayoyin T masu tuna ta bayan shekara 17. Waɗannan ƙwayoyi, yadda suke gane jikin da cuta ta riga ta shiga, da dalilin da ya sa auna su ya fi auna antibodi wuya da tsada, su za mu ɗauka a babi na bakwai, in Allah Ya yarda.